Abin da Ba Ya Ƙirguwa

Ƙarfe biyar nake kife tukwanena a tashar Kawo,
in goge hannu da omo, manja ya ƙi fita,
in tari Keke zuwa ajin manya a Badarawa,
inda bencin yara ke kai mana gwiwa ƙirji.

Malama Rifkatu ta ja layi a tsakiyar allo.
Ta ce a Turanci abinci gida biyu ne,
mai ƙirguwa da marar ƙirguwa.
Ƙwai na ƙirguwa. Albasa na ƙirguwa.
Shinkafa, a'a. Mai, a'a. Gishiri, a'a.
Na ɗaga hannu, na kuma sauke.
Da ta leƙo rumfata bana
ta ga yadda nake share bakin mudu da gefen tafi,
in duƙa in bi ƙwayar da ta gangara bayan buhu,
da ta gane mai wannan doka
bai taɓa shiga kasuwar Talata da kuɗin bashi ba.

Ran Laraba kuma ta ce mangwaro ci ake yi.
Lemo ma ci. Kankana ma ci.
Baba Tanimu mai gadi ya gyara hula:
"To su nasu mangwaron busasshe ne?"
Dariya har ta kori jemagun da ke rufin.
Mu da muke shan rake, mu sha iska,
mu sha rana a bakin titi,
mu sha baƙar magana daga wanda bai biya ba,
ina za mu zuba duk wannan sha
a harshen da ya ware shi don kofi kaɗai?

Sai ta jera kalmomi biyar kamar matakala:
kullum, sau da yawa, wani lokaci, da wuya, faufau.
Aikin gida tambaya ɗaya:
sau nawa kike cin nama?

Yanka arba'in nake sawa a miya kowace safiya.
Ina ƙirga su ɗanye, in ƙirga su dafaffe,
in ƙirga su a farantin direbobin Zariya.
Romon da ya rage shi ke bina gida a kwano.

Da dare Ladingo ta haska mini da fitilar waya.
"Inna, rubuta kullum mana, wa zai bincika?"
Na daɗe ina tauna gindin biro.
Na taka matakalar nan a hankali,
na tsaya a ta uku,
ko da yake ƙafata ɗaya na kan ta huɗu.

Washegari Malama ta duba da jan biro.
Ta ce jimlar ta tsaya da ƙafarta,
harafi ɗaya ne kawai ya faɗo daga wutsiyar kalma.
Na ce ba komai, Malama,
nuna mini inda ya gangara.
Tsintar ƙwaya ai sana'ata ce.