Buhu Biyu na Kuza

Baturen haƙar kuza ya koma ƙasarsu,
ya bar ta a Bukuru, gindin bishiyar turare,
ja, doguwa, mai faɗin ƙirji,
silinda takwas na barci a cikinta.
Choji ya saye ta da kuɗin dankalin damina uku.

Wata bakwai kansa na cikin inji.
Ya wasa fistin, ya buɗe mata maƙoshi,
ya yanke salansa don a ji ta har Farin Gada.
Ran da ta tashi, karnukan Gyel suka yi tsit,
kwanon gareji ya kama rawa.

Ni mai faci ne. Ba a tambaye ni ba.

Asabar, tsohon titin bayan kududdufin haƙa,
aka auna kwatan mil da igiya.
Barau ya kawo Fijonsa mai tari,
ana dariya har da riƙe ciki.
Aka saki hankici.
Ja ta yi ruri, ta ƙara ruri,
tana nan inda take,
tayoyin baya suna cin kansu,
farin hayaƙi, ƙaurin roba har cikin haƙora,
ƙugu na kaɗawa kamar agwagwa a taɓo.
Kafin ta kama ƙasa
Barau na ƙarshen layi yana ɓare gyaɗa.

Da dare Choji ya faɗo rumfata,
ba sallama, ya zauna kan tsohon wili.
"Ƙarfin doki ɗari uku, Sallau. Ɗari uku!"
Na ce, "Nawa ne cikinsu ke da kofato?"

Na kifa tafina a ƙasa.
"Iyakar abin da motarka ta sani na duniya ke nan,
tafi huɗu,
biyu ne ma kawai ke turi."

Na sauke iska har taya ta yi tumbi.
Muka jibga buhu biyu na kuza a but,
daidai kan ƙafafun baya,
abin da ya kawo maigidanta ƙasar nan
shi zai danne ta yanzu.
"Kada ka taka ta kamar mai kashe kunama.
Shiga kamar ɗakin da jinjiri ke barci.
In ka ji ta ciji kwalta, to, ba ta duka."

Asabar ta zagayo da sanyin safiya.
Ya murza tayoyin kaɗan, suka ɗau ɗumi.
Hankici ya faɗi.
Ta durƙusa ta baya, ta ɗaga hanci,
ba hayaƙi, ba kuka,
sai ganinta muka yi ƙarama can nesa.

Aka ɗaga Choji sama,
aka buɗe bonet ana yi wa inji kirari.
Ni na koma mafarin layi, na duƙa.
Baƙin zanen makon jiya, taku ashirin da ɗaya.
Na yau, ɗani biyu.

Har gobe bai biya ni kuɗin iska ba.
Wai iskar da na cire, ban sa ba.