Kunya Uku a Sandamu

Bana na raba gonata uku.
Ban kai mata buhun kanti ba,
sai kashin awaki da tokar murhu.

Kunyar gabas, irin malamin gona:
ya miƙe, kore shar.
Ruwa ya ɗauke kwana sha tara, ya sunkuya.

Ta tsakiya, na kasuwar Mai'adua,
ƙuduji ya shanye shi tun bai yi ciki ba.

Ta yamma, geron Inna Tabawa,
daga ƙullin tsumma a gindin rumbu.
Gajere ne, mai wucewa ba ya waiwayensa.
Shi ya tsaya.

Ban yanke hukunci ba,
damina ɗaya ba ta shaidar iri.
Na ware zangarniya ashirin,
na rataye inda hayaƙi ke bi.
Baɗi ma sake tambayar ƙasa.