Gado na Sha Huɗu

Ƙarfe uku na dare a Sunderland.
Ruwan sama na ƙwanƙwasa taga
kamar baƙon da bai san an kulle gida ba.
Ni ce mai gadin numfashi a wannan ɗaki.

A gado na sha huɗu Wilfred Haddow ke kwance,
tsohon maƙerin jirgin ruwa,
wata biyar bai ce uffan ba.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Na tambaya.
Fuskar ta bar ni tsaye.

Jiya likita ta nuna hoton ƙwaƙwalwarsa,
ta ɗora biro kan wani ɗigo ja:
"Nan ya haska da muka ce ya tuna gidansa."
Noreen, matarsa, ta damƙe jakarta.
"Ke nan yana ciki?"
Likita ta gyara tabarau, ta daɗe.
"Abin da zan rantse a kai, jini ya bi ta nan."

Hayaƙi dai muka gani.
Wutar, babu wanda ya taɓa ɗumama hannu da ita
sai mai ita.

To ni fa?
Ran da butar shayi ta ƙona ni,
Bev ta ga na yi tsalle, ta ga fata ta tashi,
ta ji salatin da bai shiga kunnenta ba.
Zafin kuwa, bisa amana ta karɓa,
ba rasit, ba shaida.
Haka muke cin bashin juna tun safe,
kowa na kulle a ɗakinsa,
shi kaɗai ya san inda yake yoyo.

Na ɗebo ruwan aski.
Babu na'urar da ta ce yana jin sanyi,
na dai tsaya har ya yi ɗumi,
na gwada a gwiwar hannuna.
Na yi sallama kafin in ɗaga labule,
don ba a faɗa wa gida haka kawai
ko da ana zaton mai shi ya yi tafiya.

"Wilfred, Larai ce. Zan taɓa haɓarka."

Ɗan yatsansa ya motsa,
ko kuwa bargon ne ya zame.
Na duba takardar da ke ƙafar gado:
gurbin zafin jiki, gurbin bugun zuciya, gurbin fitsari.
Ban ga inda zan rubuta ba.
Na ci gaba da aski, a hankali,
wajen tabon da ke ƙasan kunnensa.