Wurin Haihuwa

Teburina yana ƙarƙashin dogon-yaro,
daura da ofishin magajin gari, nan Tawa.
Shekara ashirin da bakwai ina cika wa mutane takarda:
suna, sunan uba, sunan uwa,
sai layin da ke shanye mini tawada da yini,
wurin haihuwa.

Cikin murfin akwatina na liƙa taswirar jiha,
gunduma goma sha biyu, kowace da launinta.
Ba wanda ya taɓa zama kan bencina ya ce
an haife shi a cikin ruwan ɗorawa.

Bagaruwa ba ta ba ni wahala.
Itace ne, majema sun san 'ya'yansa.
Wani da ya zo daga can ran Laraba ya ce
wadda kakansa ya nuna masa ta daɗe da zama toka.
Sunan ne ya rage a tsaye, yana ba da inuwa.

Birnin Ƙonni, birni dai ganuwa ce.
Ƙonni kuwa, na tambayi direbobi uku a tasha,
na dawo da amsa huɗu.

Malbaza, jikana ya ɗauka sunan siminti ne,
don a jikin buhu ya fara haɗa baƙaƙensa.

Cintabaraden.
Wani Ba'abzine ya sassauta rawani ya ce
akwai 'yan mata a cikin kalmar.
Na ce, waɗanne?
Ya ce, waɗanda suka riga raƙuma isa rijiya.
Idonsa na dariya. Har yau ban sani ba
ko tarihi ya ba ni, ko kuɗin shayi ya biya.

Abalak, Tasara, Tiliya,
harshena bai kai can ba.
Ina ɗaukarsu kamar saƙon maƙwabci,
a ɗaure na karɓa, a ɗaure nake miƙawa.
Madawa da Buza, Keita da Illela,
kowa ya zo da kakan da ya fara sare daji,
kuma kullum kakan mai magana ne.

Ita kanta Tawa, harafi shida ce a hatimi,
huɗu a bakina.
Cima mai fura ta rantse wata mata ce
ta dafa bakin rijiya ta ce, tawa ce.
Arzika mai gyaran keke ya ce zancen mata ne.
Ni dai nakan sha furar in yi shiru.

Jiya wata tsohuwa ta zo da yaro,
za a sa shi lakwal, ba shi da takarda.
Na ce, ina aka haife shi?
Ta ce, garin mai gidan.
Na ce, Inna, sunan garin.
Ta gyara lulluɓi, ta dubi ƙafata.
Yaron ya ce, Gidan Nomau.
Ta kai masa dunduniyar hannu a ƙeya, a hankali.

Sai na gane.
Mijinta ne ya sauke jaki a wurin,
bukka biyu, rumbu ɗaya, shekarar da gero ya ƙi.
Yanzu gida talatin ne, har da injin niƙa,
ita kuwa shekara hamsin tana kwana a gari
da bakinta bai taɓa kira ba.

Na duba taswira, babu shi.
Akawun ciki ya ce a sa sunan gunduma, ya wadatar.
Na sa gunduma.
A gefe, da ƙananan baƙaƙe,
na sa wanda ta ƙi faɗa.

Ta kwance bakin zane, ta ƙirgo dala arba'in.
Da za ta tashi ta ɗora yatsa a kan layin,
ba ta iya karatu ba,
amma a kansa ta ɗora.