Mai Buga Bayani

Ni ce mai buga bayanin zaman kwamiti,
ɗaki na huɗu, hawa na biyu, a Frankfort.
Aikina na yatsu ne, ba na baki ba:
abin da aka faɗa in ɗaure shi da baƙi
kafin ya bi iska.

Ranar Talata Mista Whitcomb ya zo ba da shaida.
Cibiyarsu na da kalmar 'yanci a cikin sunanta,
kamfanoni shida ke biya mata kuɗin wuta.
Ya gaishe ni da fara'a, har ya tuna sunana.
Ya ce, na buga:
"Abin da aka ba mutum kyauta, raina shi yake yi."
Ya ce, na buga:
"Talaka ma mai saye ne. A bar shi ya zaɓa,
kasuwa da kanta za ta sauko masa."
Ya haska zane a bango, jan layi yana ta hawa,
ya ce ga kuɗin jiha nan suna tsiyaya
a kan mutanen da ke da ƙarfin tashi su nema.
Aka gyaɗa kai. Wani ya buɗe alewa.

Ban ɗaga ido ba.
Amma can ƙarƙashin layin nan,
inda ko ɗigo ba a ɗiga ba,
akwai yayana Delbert.

Shekara goma sha tara yana cikin dutse yana haƙar kwal,
har kamfanin ya sauya suna, ya sulale da fanshon.
Yanzu tireloli yake wankewa, ran da aka kira shi.
Allurar sukari ta wata guda
yana jan ta ta kai wata biyu,
yadda mahaifiyarmu ke ƙara wa miya ruwa
in baƙi sun faɗo ba sanarwa.

Aka ce ya shiga intanet ya nuna awannin aikinsa.
A kwarinsu waya ba ta kamawa
sai ka hau tudun bayan coci.
Ya hau, cikin Janairu, ƙanƙara har idon sawu.
Allo ya ce lambar sirri ba daidai ba.
Ya sake hawa. Ya sake.
Sai wasiƙa: an cire sunanka.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Afrilu aka yanke masa yatsun ƙafa biyu
a asibitin da ke tafiyar awa ɗaya da rabi,
don na garinsu ya zama shagon kayan gini.
Takardar bashi ta riga shi isowa gida.
Mai saye!
Wa ya taɓa taya farashi
yana kwance, ana gudu da shi a kan gado?

Bayan abincin rana Mista Whitcomb ya dawo,
wani ƙuduri ne daban, na yafe wa masana'antu haraji.
Miliyoyin sun ninka na safe.
Na kasa kunne in ji ko kyauta na lalata kamfani.
Ashe wannan ba kyauta ake ce mata ba.
"Ƙarfafa gwiwa," in ji shi. Na buga.
Ban yi kuskure ko na waƙafi ba,
shekara ashirin ba a taɓa dawo mini da shafi ba.

Juma'a na tuƙa zuwa kwarin,
kwalba biyu cikin kular ƙanƙara, daga albashina.
Yana zaune a baranda, ƙafar a kan bokiti.
"Ronda, me manya suka ce wannan makon?"
Na ce, "Sun ce kai mai 'yanci ne."
Ya yi dariya har ta koma tari,
tarin nan mai baƙin ƙasa a ciki.
Da ya lafa, ya ce in miƙo masa sandarsa,
kare na son fita.