Jar Fitila

Tun la'asar fitilar rauta ta yi ja.
Na kashe, na ƙirga talatin, na kunna.
Na sauke ta daga kan firij, na kai ta taga
ta fuskanci ƙarfen sabis na Mabera.
Zafi ne, in ji Zayyanu mai cajin waya.
Har fifita na yi mata da faifai.

Kalmar sirri kuwa, Ramlatu ta rubuta ta
a bayan kalandar bara,
wadda muka naɗe kilishi da ita.

Na soka tsinken tsintsiya a ɗan ramin bayanta.
Kore ya dawo.
Sai dai sunan da Ramlatu ta raɗa mata
daren da za ta tafi karatu,
Gidan Baba,
ya goge.
Lambobi kawai suka rage.