Gyartai a Kasuwar Kumo

Laimata na daf da tabarmarsa.
Ni ina ƙirga kuɗin mutane a na'ura,
shi yana ƙirga tsagar ƙwarya da yatsa.

Baba Jatau, gyartai na ƙarshe a layin nan.
Sauran sun koma sayar da roba,
ɗaya ya sayi babur, ya bar sana'a.

Jiya da la'asar Adda Jebbu ta zo daga ruga,
ta kwance ɗankwali a hankali:
ƙwaryar nono, ta rabe gida uku.
Tirela ce ta matse ta a bakin kwalta,
direba bai ko leƙo ba.
Nono ya bi kwata, ƙudaje suka yi biki,
wani yaro na ɗauka a waya yana dariya.

Na ce, "Adda, ga roba can,
ba ta fashewa."
Ta dube ni kamar na taɓa uwarta.
Ashe ƙwaryar ta uwarta ce.

Baba bai yi zancen kuɗi ba.
Ya hura garwashi, ya gasa basilla,
huda, huda, huda,
ya bi da zaren kaba
kamar mai ɗinke goshin jariri.
Hannu na rawa, ɗinki bai yi rawa ba.

Ya gama. Da ni ne, nan zan tsaya.
Sai ya mayar da ƙarfe wuta,
ya bi bakin tabon yana zane:
nan ganye, can ganye,
ɗinki ya zama reshe,
a ƙarshen reshe 'yar kurciya mai ƙafa ɗaya
don wuri ya ƙare.

Na ce, "Baba, wa zai biya wannan?
Kurciya ba ta tare yoyo."
Ya ce, "Gobe da asuba za ta ɗauki ƙwaryar nan.
Ba na so ta fara ganin tirela."

Kasuwa ba ta san an yi ba.
Mai lasifika na tallan maganin basir,
masu haraji suka yaga masa takarda, suka wuce.
Adda ta ajiye dunƙulen man shanu a gefensa,
ta ɗora faifai, ta kama hanyar Pindiga.

Da dare lissafina ya cika cif,
ƙaurin duma bai bar rigata ba.

Yau da safe na ja laimata taku biyu
har inuwa ta kai kansa.
Bai ɗago ba.
Yana hura wuta.